Yadda ake zagaya dajin New Forest na Ingila a kan keke

Duk sanda rana ta fara leƙowa a Ingila sai tambayar ta dawo, musamman daga ɗalibanmu da ke karatu a Southampton da Landan da Portsmouth: shin mutum zai iya shiga dajin New Forest da keke, ta ina ake farawa, nawa za a kashe, ba a ɓata a ciki? To ga amsar daki-daki. Dajin yana yankin Hampshire a kudancin Ingila, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 566, kuma akwai hanyoyin tsakuwa sama da mil 100 da aka ware wa masu keke. Shiga kyauta ne, babu ƙofa babu mai gadi. Sai dai akwai abu guda da ya kamata ka riƙe tun daga nan: dawakai da shanu da jakuna sake suke yawo, babu makiyayi a bayansu, kuma doka ta fi tsaya musu a kan ta tsaya maka. Kai ne baƙo.

1. Zaɓi lokaci

Daga watan Mayu zuwa Satumba ne aka fi jin daɗin tafiyar. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka ko ka makara kana da sarari. A Disamba kuwa wajen ƙarfe 4 na yamma duhu ya shigo, a ƙarƙashin bishiyoyi ma tun kafin haka. Wanda bai saba ba kada ya fara da hunturu.

In kana da hali ka je tsakiyar mako. Asabar da Lahadi, da hutun 'yan makaranta na ƙarshen Yuli da Agusta, hanyoyin da ke kusa da ƙauyuka cika suke da iyalai da karnuka, sai ka wuni kana taka birki. Ka duba hasashen yanayi da daddare, ka sake dubawa da safe. Yayyafi ba ya hana tafiya. Iska mai ƙarfi ita ce abin gudu, saboda tsofaffin bishiyoyi na yar da rassa.

Gargaɗi: daga Agusta zuwa wajen Nuwamba masu dawakai suna yin kora, su tattaro dabbobin a guje domin a duba lafiyarsu. In ka ga allon sanarwa cewa ana kora a wani yanki, sauya hanya. Garken dawaki a guje ba ya ganin mai keke.

2. Isa Brockenhurst

Kada ka wahalar da kanka da neman wata mashiga. Ƙauyen Brockenhurst yana tsakiyar dajin, jirgin ƙasa na tsayawa a cikinsa, kuma akwai masu ba da hayar keke dab da tashar. Daga tashar Waterloo ta Landan tafiyar awa ɗaya da rabi ce ko ɗan fiye, ba sai ka sauya jirgi ba. Daga Southampton kuwa kamar minti 15 ne.

Sayi tikiti tun da kwanaki, ya fi araha a kan na ranar. Ɗalibin da ke da katin rangwame na 'yan shekara 16 zuwa 25 ana rage masa kashi ɗaya bisa uku na kuɗin. In da kekenka za ka zo, ba a biyan kuɗinsa a jirgi, amma gurbin kekuna kaɗan ne, kuma akwai taƙaitawa a lokutan cunkoson ma'aikata na safe da yamma a ranakun aiki. Tsaya a daidai taragon da ke da hoton keke a ƙofarsa tun jirgi bai iso ba.

3. Keken da ya dace

Hanyoyin dajin tsakuwa ce da aka daddaɓe, kusan irin burjin da muka sani, sai dai ta fi shi kaifi. Keken tsere mai siririyar taya ba wurinsa ba ne nan, zai yi ta zamewa yana sacewa. Nemi mai taya mai faɗin milimita 35 zuwa sama, ko keken hawan dutse. Giya bakwai ko takwas sun isa, tunda dajin ba shi da manyan tuddai.

Kuɗin haya na wuni ɗaya, ka ware fam 20 zuwa 30 ga babban mutum. Mai batir ya kan kai ninkin haka. Yi rajista ta intanet tun kafin ranar, ka zo da katin shaida mai hoto da katin banki. Galibi suna haɗa maka da hular kwano da kwaɗo da taswira, amma ka tambaya ko akwai famfo da kayan faci, da lambar da za ka kira in keken ya lalace, da ƙarfe nawa suke rufewa. Wannan ta ƙarshen ita ce mutane suka fi mantawa.

Kafin ka bar wurin ka yi waɗannan a gaban mai hayar.

Daidaita sirdi. Hau, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkace ba. In gwiwa ta tanƙware da yawa, sirdin ya yi ƙasa, kuma bayan kilomita goma gwiwoyinka za su gaya maka. Yawancin sababbi suna barin sirdi a ƙasa don su riƙa dafa ƙasa da ƙafa biyu suna zaune. Kuskure ne.

Gwada birki ɗaya bayan ɗaya. Matsa tayoyi da babban yatsa, ka ji sun yi tauri amma ba kamar dutse ba. In akwai ma'auni, taya mai faɗin milimita 40 tana son iska 35 zuwa 45 a awon PSI da ke jikin ma'aunin, ta keken dutse kuma 25 zuwa 35. Iska ta yi yawa, keke ya riƙa tsalle a kan tsakuwa. Ta yi kaɗan, bakin ƙarfen wili ya cije tub ya huda shi wuri biyu. Daga nan ka zagaya filin tashar kana sauya giya daga ta farko har ta ƙarshe, ka saurara ko sarƙa na tsallake haƙori.

Gargaɗi: a kekunan Ingila hannun dama ne birkin gaba, hagu na baya. A Amurka da yawancin ƙasashen Turai akasin haka ne. Wanda ya damƙe birkin gaba shi kaɗai a gangaren tsakuwa, ta kan keken zai wuntsila. Fara da na hagu, sannan ka bi da na dama a hankali.

4. Abin da za ka sa a jaka

Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Abinci daga gida, domin a tsakiyar daji babu kanti, kuma mai neman halal gara ya yi guzurinsa tun daga Southampton ko Landan. Dabino da ayaba da burodi sun wadatar. Rigar ruwa marar nauyi ko da gari ya waye garau. Dogon wando da safa mai tsawo, za ka ga dalili a gaba. Mai doguwar riga ko abaya ta tattare ta da kyau ko ta sa wando a ciki ta ɗaure gefen, don sarƙa da sifokin wili na cafke tufafi. Ƙaramar darduma in lokacin salla zai riske ka, da ɗan ruwan alwala daban da na sha.

Kayan gyara: tub sabo guda ɗaya daidai da girman tayarka, wanda bai wuce fam 5 zuwa 8 ba, da robobin ɓanɓare taya guda biyu, da famfon hannu, da faci da sholisho, da 'yar sifana mai baki da yawa. Duba bakin famfon ya dace da bawul ɗin tayarka, don iri biyu ne, akwai siriri akwai mai kauri irin na mota. Sai fitilar gaba fara da ta baya ja, waɗanda doka ta wajabta bayan faɗuwar rana.

Taswira ta takarda dole ce. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a wurare da yawa. Nemi taswirar hanyoyin keke ta dajin, wadda ke da lambobi, a wurin haya ko cibiyar baƙi da ke ƙauyen Lyndhurst. Mai son cikakken bayani ya sayi ta hukumar taswira ta Birtaniya, Ordnance Survey, mai lamba OL22. Sauke wata a wayarka ma, ka cika caji.

5. Koyi karanta turaku

Nan ne asirin tafiyar yake. A mahaɗar hanyoyin da aka yarda a bi da keke akwai turken katako mai hoton keke da lamba a jikinsa. Lambar nan tana kan taswira. Ba sunan hanya ake bi ba, lamba ake bi: daga wannan turke zuwa wancan. Tun a gida ka rubuta jerin lambobin hanyarka a 'yar takarda, ka manna ta a kan keke da salatif yadda za ka gani kana tafiya.

Duk turken da ka iso, tsaya ka karanta, ko da kana ganin ka san inda kake. Hanyoyin dajin kama da juna suke kamar an tsaga kara. In ka yi minti goma sha biyar ba ka ga turke ba, ko ka ga tsakuwa ta ƙare ka shiga ciyawa, juya ka koma turken ƙarshe da ka tabbatar. Kada ka ce za ka yanke ta cikin daji.

Gargaɗi: hanyar da ba ta da alamar keke ba a hawanta da keke, komai kyanta, komai yawan sawun tayar da ka gani a kai. Filayen da ke kama da busasshiyar ciyawa da yawansu fadama ce mai nutsewa har gwiwa. Sannan daga Maris zuwa ƙarshen Yuli akwai tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, in an firgita uwar sai ta gudu ta bar ƙwai.

6. Hanyar farko, ta masu koyo

Mai yara, ko wanda rabonsa da keke tun yana firamare, ya bi tsohon layin dogo da aka rufe a 1964 aka cire ƙarafunansa. Daga Brockenhurst za ka ɗan bi kwalta ta yamma kafin ka hau shi, daga nan shimfiɗe yake sumul har tsohuwar tashar Holmsley, wadda yanzu wurin shan shayi ce. Kamar kilomita 8 ne zuwa, 8 dawowa. Wanda ƙarfinsa bai ƙare ba ya zarce ƙauyen Burley. Babu abin da za a ƙara faɗa a kanta, ba a ɓata a layin dogo.

7. Hanya ta biyu: Rhinefield da Bolderwood

Wannan ita ce ta cancanci kuɗin jirginka. Zagaye ne na kilomita 30 ko kusa da haka. Kada lissafin kwalta ya ruɗe ka. A kan tsakuwa, da tsaye-tsaye da buɗe ƙofofi, kilomita 10 zuwa 12 ne a awa. Ka ba ta awa biyar har da hutu, ka fita kafin ƙarfe 10 na safe.

Daga tasha ka ratsa ƙauyen ta titin Brookley. A ƙarshensa rafi ya ratsa kan titi. In ruwan ya taru, sauka ka tura keken ta 'yar gadar masu ƙafa da ke gefe, domin ƙasan ruwan na da santsi, kuma jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa nan take. Sha kwanar dama ka hau titin Rhinefield.

Tuna cewa a hagu ake tuƙi. Mutanenmu sukan riƙe wannan a kan babban titi, sai an fito daga hanyar daji an koma kwalta babu mota ko ɗaya a gani, sannan hannu ya ja su dama da kansa. Duk fitowa ka tuna wa kanka da baki.

Za ka wuce filin Whitefield Moor, inda dawakai ke kiwo kuma akwai ban-ɗaki, ka haye rafin Ober Water a gadar Puttles, sannan daji ya rufe ka. A Blackwater ka ɗaure keke ka taka da ƙafa. Akwai dogayen bishiyoyi da aka kawo irinsu daga Arewacin Amurka aka dasa wajen 1860, wasu sun kusa mita 50. Ɓawon manyan cikinsu ja ne, mai taushi, in ka danna da yatsa sai ya lotsa kamar soso. Hanyar da ke zagaye su ta masu ƙafa ce kaɗai.

Gaba kaɗan sai babban titin A35.

Gargaɗi: nan ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar. Motoci gudu suke sosai. Sauka daga keke, ku taru wuri guda, dubi dama tukuna, sannan hagu, sannan dama kuma, ku tsallaka da ƙafa. Kada yaro ya tsallaka shi kaɗai. Haka kuma kada ka yarda manhajar waya ta ɗora ka a kan A35 ko A337 ko A31 da sunan gajeriyar hanya.

Da ka tsallaka, bishiyar Knightwood na nan kusa, tsohuwa ce da ta haura shekara 500, kaurin gindinta ya wuce mita 7. Daga nan hanya ta fara hawa a hankali har Bolderwood. Sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin hawan ya kama ka, kana juya feda ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Wanda ya jira sai ƙafarsa ta yi nauyi sannan ya sauya, shi ne sarƙarsa ke zamewa ko ta tsinke. A Bolderwood akwai dandamalin katako da ake hango barewa daga kai, da ban-ɗaki da teburan cin abinci. Nan ya dace ka ci guzuri ka yi azahar. Barewa ba ta da alkawari, wata rana garke guda, wata rana ko ɗaya. Yin shiru yana taimakawa.

Wajen dawowa zaɓi biyu ne. In ka gaji, ko ƙarfe 2 ta wuce, koma ta inda ka zo, yawancinta gangara ce. In da sauran ƙarfi, bi ƙaramar kwaltar da ta nufi Emery Down, ka sake tsallaka A35 da irin wancan taka-tsantsan, ka shiga ƙauyen Bank, daga nan ka bi turaku ta hanyar tsakuwa zuwa gadar Bolderford ka faɗo Brockenhurst ta arewa.

8. Gadar ƙarafuna da ƙofofi

A bakin ƙauyuka za ka ga rami a kan titi an jera masa ƙarafuna da tazara a tsakaninsu, don hana dabbobi wucewa. Rage gudu tun daga nesa, ka fuskance shi kai tsaye, ka saki birki, ka riƙe kan keke da kyau har ka haye. Kada ka shige shi a karkace, kada ka taka birki a kansa, musamman in ya jiƙe. In zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai ƙofa a gefe, sauka ka tura.

Sassan dajin da aka killace don renon itatuwa suna da ƙofofin katako. Wanda ya wuce a ƙarshe shi ke rufewa, ya kuma ja ya tabbatar sakatar ta shiga.

9. In ka haɗu da dabba

Dawakan dajin sun kai dubu biyar, kuma kowanne da mai shi, mutanen yankin ne masu haƙƙin kiwo tun kaka da kakanni. Amma ba dawakan turke ba ne, ba su saba da hannu ba. Suna cizo, suna harbi. In doki ya tsaya a tsakiyar hanya, ba zai matsa don kai ba. Rage gudu kamar mai tafiya da ƙafa, ka ba shi tazara mai yawa, ka bi ta gabansa inda yake ganinka, ba ta bayansa ba. Kada ka shiga tsakanin goɗiya da ɗanta, ko saniya da maraƙinta. Duk wanda ya taso kusa da shanu ya san wannan, sai dai hoton waya kan sa mutum ya manta.

Gargaɗi: tun 1 ga Yuli 2023 ba wa dawaki ko jakunan dajin abinci, ko shafa su, laifi ne. Tarar fam 100 ce, in an je kotu tana iya kaiwa fam 1,000. Haka kunna wuta ko gasa nama a dajin. Masu shirin zuwa da gawayi da tsire su bar shi a gida. Jakuna sun fi kowa naci, sukan cusa kai cikin jaka, don haka rufe abincinka.

Da kaka, daga wajen tsakiyar Satumba, ana sakin aladu na akalla kwana 60 su cinye 'ya'yan itatuwan da ke zuba, waɗanda guba ne ga dawaki da shanu. Za ka iya cin karo da su a bakin hanya. Wuce abinka, ka kuma duba wuri da kyau kafin ka shimfiɗa darduma.

Masu tafiya a ƙafa da mahaya dawaki su ke da hanya kafin kai. In ka taho ta bayan mahayi, yi magana tun daga nesa maimakon ka kaɗa ƙararrawa a kusa, don doki na razana da abin da ya zo masa shiru ko ya yi ƙara ba zato.

Akwai maciji mai dafi iri ɗaya tak, mai zanen baƙi a gadon baya kamar haƙoran zarto. Yakan sha hantsi a gefen hanya, kuma gudu yake in ya ji motsi. In tsautsayi ya sa ya sari wani, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse. A kira lambar gaggawa 999, a faɗa musu lambar turken da ya fi kusa.

10. In taya ta sace

Ƙayar wata ciyawa mai furanni rawaya da tsinin tsakuwa su ne masu laifi. Janye daga hanya. In ta baya ce, sauya giya sarƙa ta koma kan ƙaramin haƙori kafin ka cire wilin, zai fi sauƙin mayarwa. Sace sauran iskar, ka sa robar farko ƙarƙashin leɓen taya ka maƙale ta a sifoki, ka ja ta biyu ta zagaye har gefe ɗaya ya fita. Zaro tub.

Yanzu matakin da ake tsallakewa: shafa cikin tayar da yatsa a hankali, zagaye guda cur, har ka gano abin da ya huda ta ka cire. In ba haka ba, sabon tub ɗin ma ba zai yi mita ɗari ba. Ɗan hura masa iska ya yi siffa, ka fara sa bawul, ka cusa sauran, ka mayar da leɓen taya da hannu. Kada ka yi amfani da roba wajen mayarwa, tana tsinke tub. Leƙa gefe da gefe ka tabbatar bai maƙale a ƙarƙashin leɓe ba, sannan ka ba shi iska. In ka kwance birki wajen cire wili, mayar da shi ka gwada kafin ka hau. Tsohon tub ɗin ka sa a jaka, in an sake samun huji sai faci: goge wurin, shafa sholisho, jira ya bushe ya daina sheƙi, sannan ka manna.

11. Bayan ka sauka

Mayar da keken haya da sauran akalla rabin awa kafin su rufe, ka gaya musu duk abin da ya lalace. Sharar da ka tara ka tafi da ita, har ɓawon ayaba, don dabbobi na ci.

A daren nan ka duba jikinka saboda kaska. Ta dajin nan ƙanƙanuwa ce, wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba, kuma tana iya ɗauke da cutar Lyme. Wannan ne dalilin dogon wando da safa. Duba bayan gwiwa da cinya da hammata da ƙugu, yara kuma har bayan kunne da cikin gashi. In ka ganta, kama ta da siririn hantsaki dab da fata, ka ja sama a hankali ba tare da murɗawa ko matse cikinta ba, ka wanke wurin da sabulu. Kada ka ƙona ta da ashana, kada ka shafa mata mai ko kananzir. Rubuta ranar. In cikin makonnin da suka biyo baya ka ga jan zobe yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi sun kama ka, je wurin likitanka ko ka kira 111, lambar neman shawarar ma'aikatan lafiya, ka gaya musu kaska ta cije ka a New Forest da ranar da abin ya faru.